Gidan Goggona a Gwange da Mutanen da Aka Kora Sau Biyu

A farkon watan Satumbar 2014, lokacin da garin Bama ya faɗa hannun mayaƙan Boko Haram, dubban mutane suka kama hanyar Maiduguri a ƙafa, tafiyar kimanin kilomita 70, wasu da goyo a baya, wasu suna riƙe da hannun tsofaffin da ƙafa ta fara gaza musu. A cikin makon ne goggona, ƙanwar mahaifina wadda ke aure a unguwar Gwange tun kafin a haife ni, ta fita cefane ta dawo gida da wata mata da 'ya'yanta huɗu, waɗanda ta tarar a gindin bishiya kusa da kasuwa ba su da ko tabarmar zama. Ba ta san matar ba, ba ta kuma tsaya tambayar ko 'yar gidan wane ce ba. Abin da ta ce mata kawai shi ne, "Taso, ƙanwata, rana ta yi wa yaran nan yawa." Gidan ɗaki uku ne da zaure, amma kafin shekarar ta ƙare mutum 19 ne ke kwana a cikinsa, domin matar ta gano wasu danginta a gari, shi ma maigidan ya ɗauko iyalin wani abokin cinikinsa da suka tsero daga Gwoza.

Na daɗe ina son yin rubutu a kan agajin da ake kai wa mutanen da yaƙi ko ambaliya suka raba da muhallinsu, kuma duk sanda na zauna domin yin hakan sai in ga cewa daga wannan gida ya kamata in fara. Idan aka ambaci 'yan gudun hijira, hoton da ke zuwa zuciyar mafi yawanmu shi ne na sansani: tantuna a jere, mata a layi riƙe da kati, fararen motoci masu tuta suna tayar da ƙura. Amma ƙidayar da hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya take yi tun daga ƙarshen 2014 ta sha nuna cewa mafi yawan mutane sama da miliyan 2 da rikicin ya kora a jihohin Borno da Adamawa da Yobe a cikin gari suke zaune, a gidajen dangi, ko gidajen bayin Allah irin goggona, ko kuma a kangon ginin da mai shi ya ce a fake a ciki. Jama'ar Maiduguri ta kusan ninkawa a cikin 'yan shekaru kaɗan, alhali rijiyoyi da makarantu da gadajen asibiti suna nan yadda suke. Talakan da kansa yake neman na yau shi ne ya ɗauki kaso mafi nauyi na wannan lalura, kuma shi ne wanda sunansa bai cika shiga takardar kowa ba.

Kalmar da muke kiran waɗannan mutane da ita ma tana da nauyi a kunnen Bahaushe. Ba mu ce musu korarru ko mabarata ba, 'yan gudun hijira muka ce, kuma duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san hijirar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Madina, ya kuma san yadda mutanen Madina suka raba gida da dukiya da baƙinsu har aka ba su sunan Ansaru, wato mataimaka. A tarihinmu na kusa ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Saboda haka wanda ya bar garinsa domin ya tsira da rai da addini da mutunci ba abin ƙyama ba ne a al'adarmu, kuma wanda ya sauke shi yana jin cewa wata tsohuwar amana ce yake saukewa. Na taɓa tambayar goggo yadda suke yi da abinci a shekarar farko, sai ta ce, "Ɗana, ruwa muka ƙara wa miya, tuwon kuma aka rage malmala." Da haka ta rufe maganar, kamar ba wani abin faɗa ba ne, alhali na sani cewa a shekarar ta sayar da awakinta biyu da wasu kwanukan da take tara wa autarta.

Ba na cikin masu cewa ƙungiyoyin agaji ba su tsinana komai ba, domin wanda ya faɗi haka bai ga abin da ya faru a 2016 ba. A watan Yunin shekarar, lokacin da ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, ta samu shiga Bama, ta tarar da mutum kusan 24,000 a cunkushe a harabar wani asibiti, yunwa da gudawa suna kashe su kullum, kuma ta ƙirga kaburbura 1,233 da aka haƙa a kusa da wurin cikin shekara guda, 480 daga ciki na yara ne. Bayan wannan labari ya fita ne agaji ya ƙaru sosai, kuma babbar yunwar da aka yi ta fargabar aukuwarta a 2017 ba ta kai inda aka ji tsoro ba. Akwai yaran da yau suke makarantar sakandare waɗanda, a bisa sababi, abincin tamowa ne ya tashe su. Ma'aikaciyar lafiya takan ɗaura wa yaro wani ɗan ma'auni mai launi uku a damtse, idan ya nuna ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11 da rabi ba, sai a ba uwar ƙullin wani abinci da aka haɗa da gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda ba ya bukatar dahuwa ko ruwa. Cikin mako shida zuwa takwas sai ka ga yaron da ido ya zurma ya fara wasa. Ƙaramin ɗan matar nan 'yar Bama ya bi ta wannan hanya, kuma ni da idona na ga bambancin.

Masu wannan aiki kuma sun biya da jininsu. A ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bam bisa kuskure a kan sansanin 'yan gudun hijira da ke Rann a ƙaramar hukumar Kala Balge, mutum sama da 100 suka rasu, cikinsu har da ma'aikatan Red Cross da suka je rabon abinci. A garin dai, a watan Maris na 2018, 'yan tayar da ƙayar baya suka sace wasu ungozomai biyu da ke karɓar haihuwa a asibitin wurin, daga baya suka kashe su. 'Ya'yanmu ne, 'yan arewa ne, kamar yadda mafi yawan ma'aikatan agaji a yankin 'yan ƙasa ne. Idan muna sukar tsarin agaji, ya kamata mu riƙa tunawa da su.

Sukar kuwa tana da dalili. A watan Yunin 2017 ofishin mataimakin shugaban ƙasa da kansa ya bayyana cewa kusan rabin abincin da gwamnati ke turawa arewa maso gabas ana karkatar da shi kafin ya isa ga masu shi. Wanda ya saci buhun da aka rubuta wa marayu ya ci amanar da babu uzuri a cikinta, kuma ban ga an hukunta masu yin haka yadda zai tsoratar da na baya ba. Sai dai akwai wani abu da ake yawan haɗawa da wannan sata alhali ba ɗaya ba ne, wato ganin kayan agaji a kasuwa a hannun su kansu 'yan gudun hijirar. Na sha jin mutane suna cewa ai ba sa jin yunwa, tun da har sayarwa suke yi. Matar da aka ba dawa da wake da man girki ba a ba ta kuɗin niƙa ba, ba a ba ta itace ba, ba gishiri, ba kuka ko kuɓewa, ba sabulu, ba maganin zazzaɓi idan yaro ya kwanta. Dole ta auni mudu biyu ta kai kasuwa, sau da yawa a kan farashin da bai kai na gaskiya ba, domin ta iya dafa sauran. Wannan ne ya sa nake ganin tsarin ba da kuɗi ko katin karɓar kaya a shago ya fi mutunta mutum a duk inda kasuwa ke ci, domin uwar gida ta fi kowane jami'i sanin abin da ya ƙare a ɗakinta, kuma kuɗin yakan zaga ya taɓa mai shago da mai injin niƙa da mai sayar da ruwa a unguwar da ta sauke baƙin.

Batun itace kaɗai ya isa ya nuna yadda ƙaramin giɓi a agaji yake zama babbar masifa. A garuruwan da sojoji ke tsaro, irin su Bama da Dikwa da Monguno da Ngala, an haƙa rami an kewaye gari, kuma duk wanda ya yi nisa da ramin ya shiga hatsari. Itacen da ke kusa an daɗe da sare shi, don haka mata da 'yanmata suke ƙara nausawa daji domin su samo na girki da na sayarwa. A farkon 2024 an sace mutum sama da 200, yawancinsu mata da yara daga sansanonin Ngala, a lokacin da suka fita neman itace. Manoma ma haka suke: a ƙarshen Nuwambar 2020 aka yi wa masu girbin shinkafa daga Zabarmari yankan rago a gonakin Koshebe, a ƙaramar hukumar Jere da ke gefen Maiduguri, aka yi jana'izar mutum 43 a rana guda. Wanda yake cewa 'yan gudun hijira sun saba da zaman jiran a ba su, ya dubi irin kasadar da suke yi domin su ci guminsu.

A nan ne maganar rufe sansanoni ta shigo. A watan Oktobar 2021 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sanar da cewa za a rufe sansanonin gwamnati da ke Maiduguri kafin ƙarshen shekarar, aka kuma rufe su ɗaya bayan ɗaya, har da na Bakassi wanda yake cikin mafi girma. A Disambar shekarar aka hana ƙungiyoyi rabon abinci a garuruwan da aka sake tsugunar da mutane, da hujjar cewa lokaci ya yi da za su dogara da kansu. Ina ganin hujjar gwamnan tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba ta da shi. Sansani ba wurin renon yara ba ne, mutumin da ya saba noma gonarsa yana cika rumbu ba ya jin daɗin tsayawa a layi a gaban 'ya'yansa, kuma an gina gidaje da makarantu a garuruwa da dama domin masu komawa. Dattawa da yawa da na zanta da su babu abin da suke buri kamar su mutu a garin da aka binne iyayensu.

Inda na rabu da wannan mataki shi ne wajen gaggawa da kuma wajen janye tallafi kafin gona ta samu. Dogaro da kai yana bukatar ƙasar da za a noma ba tare da an yanka mutum a cikinta ba, kuma idan aka mayar da manomi garin da ba zai iya wuce kilomita kaɗan daga rami ba, sannan aka ce kada a ba shi abinci, to an ɗaure masa hannu an ce ya yi iyo. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta bayyana a 2022 cewa rufe sansanonin ya shafi mutum sama da 200,000, kuma da yawansu sun ƙara shiga ƙunci. Wasu ba su koma ko'ina ba, sun watsu ne cikin unguwannin Maiduguri suna kafa bukkokin buhu da leda a filayen mutane, inda babu mai ƙirga su. Wasu da suka koma sun gamu da abin da suka guje wa: a farkon Satumbar 2025 aka kai hari garin Darul Jamal a ƙaramar hukumar Bama, inda ba a daɗe da mayar da mutane ba, aka kashe sama da 60. An rufe ƙofar sansani, amma bukatar ba ta tafi ko'ina ba, ta koma zaurukan mutane ne.

Matar nan 'yar Bama ba ta koma ba. Mijinta ya ɓata tun ranar da suka fito, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, don haka ta zauna a ɗakin da goggo ta ba ta, ta kama ɗinkin hula, sana'ar da mutanen Bama suka yi suna a kanta. Hula guda takan ɗauke ta makonni tana zaune da allura da zare har ido ya yi ja, dillali ya zo ya saya ya kai Kano ko Abuja ya ninka kuɗin. Da wannan ta sa yaranta a makaranta, ta shiga adashi, ta sayi keken ɗinki, har ta fara ba goggo wani abu na cefane ko da goggon ta ce ta bari. Shekara goma cif ta ɗauka kafin ta tsaya da ƙafarta.

Sai ga daren 9 ga Satumbar 2024, wayewar garin 10 ga wata. Madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a shekarun 1980 a kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, domin noman rani da ruwan sha, ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa. Kogin Ngadda ta tsakiyar gari yake ratsawa, kuma Gwange tana bakinsa. Wajen ƙarfe biyu na dare goggo ta kira ni, abin da ba ta taɓa yi ba, muryarta na rawa tana cewa, "Ɗana, ruwa ya shigo mana, ya kai gwiwa, ka sa mu a addu'a." Kafin in gama tambayarta ina za su nufa, wayar ta yanke, ban sake jin muryarta ba sai bayan kwana biyu. Sun fita ne cikin duhu suna riƙe da hannun juna, babban ɗan 'yar Bama ya goya goggo a bayansa, wato yaron da ta tsinta a gindin bishiya yana ɗan shekara tara shi ne ya fitar da ita daga ruwa.

Ruwan ya mamaye babban ɓangare na birnin da ƙaramar hukumar Jere. Ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga asibitin koyarwa na jami'ar Maiduguri, ya shiga babbar kasuwar Monday wadda gobara ta cinye a Fabrairun 2023, 'yan kasuwarta ba su gama farfaɗowa ba. Katangar gidan yari ta rushe fursunoni 281 suka fita, mafi yawan dabbobin gidan namun daji suka mutu, aka kuma gargaɗi jama'a game da kadoji da macizai da ruwa ya kwaso. Hukumomi sun ce abin ya shafi mutum kusan miliyan guda, kuma sama da 400,000 sun bar gidajensu. Aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe shekara uku da suka wuce, kuma can goggona ta kwana, tana da shekara sama da 60, a kan kwali, kusa da matar da ta taɓa saukewa. Ita goggo karo na farko ke nan da ta zama 'yar gudun hijira. Ita kuwa ƙanwar tata karo na biyu ne, kuma ita ce ta riƙa nuna wa goggo yadda ake yi: inda ake rubuta suna, lokacin da ya fi dacewa a je layin ruwa, yadda ake ɗaure 'yan kuɗi a gefen zane.

Muna cewa ambaliya daga Allah take, kuma haka ne, amma Allah bai hana mu ɗaure raƙumi ba. Wannan madatsa ta taɓa jawo irin wannan ambaliya a 1994, shekara 30 kafin nan, kuma madatsar ruwa aba ce da ake dubawa, a yashe ta, a gyara inda ya tsage, a kuma sanar da na ƙasa da ita idan ruwa ya kusa fin ƙarfinta. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina ta. Ina maraba da hakan, amma zuciyata ba ta daina lissafin abin da za a tsirar da an kashe wani kaso na wannan kuɗi tun kafin ruwa ya zo ba. Gyaran madatsa da yashe magudanan ruwa da gargaɗin da ya isa kunnen mutane da harshen da suke ji, tun da sauran rana, duka agaji ne, kuma sun fi buhun shinkafa arha.

Waɗanda suka fara kai ɗauki a kwanakin farko matasan unguwa ne da masu kwale-kwale da sojoji da 'yan ƙato-da-gora, sai matan unguwannin tudu da suka ɗora manyan tukwane suna dafawa ana kaiwa. Bayan haka gudunmawa ta yi ta kwarara daga gwamnoni da attajirai da ƙungiyoyi da talakawan da suka tura dubu ɗaya ko biyu ta waya, kuma wannan abin alfahari ne. Sai dai tausayinmu irin na wutar kara ne, yakan tashi da ƙarfi ya mutu da wuri. Kafin wata guda ya cika hankalin jama'a ya koma wani wuri, daidai lokacin da aka bayyana ɓarkewar cutar amai da gudawa a jihar a watan Oktoba, saboda ruwan ya haɗe masai da rijiyoyi. Kuma asarar da ta fi ciwo ba ta cika fitowa a hoto ba. Keken ɗinkin 'yar Bama ya yi tsatsa a cikin laka, hulunan da ta kusa gamawa da zaren da ta sayo bashi duk sun lalace, takardun makarantar yara sun narke, buhunan gero biyu da goggo ta ajiye sun tsiro. An ba su shinkafa da taliya da bargo, Allah ya saka wa waɗanda suka bayar, amma abin da ruwan ya tafi da shi jari ne, wato hanyar da za su daina bukatar a ba su.

Ana cikin haka sai kuɗin agajin duniya ya fara ƙafewa. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka, wadda ta fi kowa zuba kuɗi a wannan aiki, ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 910 domin taimaka wa mutum miliyan 3.6 a jihohin uku a shekarar, abin da aka samu bai kama ƙafar hakan ba. A watan Yuli hukumar samar da abinci ta duniya, WFP, ta yi gargaɗin cewa za ta dakatar da tallafin mutum miliyan 1.3, kuma cibiyoyin kula da tamowa sama da 150 a Borno da Yobe suna fuskantar rufewa, a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. A arewa maso yamma kuwa, inda 'yan bindiga suka tashi ɗaruruwan ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, dama can yankin bai shiga babban shirin agajin Majalisar ba. MSF ta ce yara 652 ne suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina a wata shida na farkon 2025. Dubban waɗanda suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019 su ma ƙauyawa 'yan'uwansu ne suka fara sauke su, kafin a kai wasu wurare irin su Garin Kaka da Chadakori.

Ba na jin daɗin yadda muke zargin baƙi da janye hannu alhali nauyin namu ne tun asali. Najeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar Kampala ta 2009, ta kuma amince da ita a 2012, yarjejeniyar da ta ɗora wa gwamnatocin Afirka alhakin kare waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu, ko yaƙi ne ya kore su ko bala'in yanayi. Jamhuriyar Nijar, duk da ƙarancin abin hannunta, ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta mayar da wannan alkawari dokar ƙasa a Disambar 2018. Muna da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa da na jihohi, muna da hukumar raya arewa maso gabas, muna da ma'aikatar jinƙai tun 2019. Muna kuma da zakka, wadda Alƙur'ani ya ambaci matalauta da miskinai da matafiyin da guzuri ya yanke masa a cikin masu cin ta, kuma da attajiran Kano da Kaduna da Maiduguri suna fitar da ita yadda shari'a ta ce, a tara ta a hannun amintattu masu bayyana lissafi a fili, da babu cibiyar tamowa ko ɗaya da za a rufe don wata gwamnati a can nesa ta sauya ra'ayi. Abin da nake roƙo shi ne tallafi ya riƙa bin mutum duk inda yake, ko a tanti ko a zauren wani, kuma idan an zo rubuta sunan baƙo a rubuta har da na mai masaukinsa, domin tukunyarsu ɗaya ce. A kuma riƙa tambayar mutanen abin da suke bukata kafin a loda mota, tun da sau da yawa amsar ba ta wuce keken ɗinki, ko akuya biyu, ko iri da taki da gonar da soja zai tsaya a gefenta har a yi girbi.

Na je Maiduguri bayan ƙaramar sallar da ta biyo bayan ambaliyar. Ɗaki ɗaya daga cikin ukun ya zube gaba ɗaya, sauran biyun suna tsaye, kuma har lokacin ana ganin layin da ruwa ya bari a jikin bango, sama da kafaɗata. Mu 'ya'yan dangi mun haɗa kuɗi aka sayi bulo da siminti, goggo kuma ta dage sai an fara da ɗakin ƙanwarta kafin nata, ta ce yara sun fi bukatar rufi. Keken ɗinkin an kai wa mai gyara ya wanke ya sa masa mai, yana aiki amma yana tsallake zare. Da yamma muna zaune a tsakar gida, 'yar Bama tana ɗinkin wata hula mai ruwan toka, goggo ta sa aka ɗauko mata wata jakar leda mai kauri ta nuna mini. A ciki ta haɗa takardar gida da katin zaɓe da sababbin takardun makarantar yaran da aka sake karɓowa, ta ɗaure bakin da igiya, ta ce daga yanzu a kan ƙusa take rataye ta kusa da ƙofa. Sannan ta tambaye ni, tun da ni ne mai karanta labarai, ko na ji inda aikin Alau ya kai, domin hadari ya fara haɗuwa ta gabas.